Da Me Sanƙira Zai Kira Baffa?

A gidanmu na Ƙofar Jatau akwai kalmar da ba a faɗa, amma da ita duk unguwa ake kwatancen gidan. In ka tari ɗan acaɓa ka ce ya kai ka gidan marigayi maɗinkin riga, zai tsaya yana sosa ƙeya. Ka ce gidan ɗan daudun nan mai kaji, kafin ka gyara zama ya sauke ka a ƙofar zaurenmu.

Ɗan daudun nan Baffana ne, ƙanen mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, ya bar mu ni da ƙanwata da Inna, da gwangwanin allurai, da wata babbar riga da ya ɗinka wa kansa da hannu bai ko tsufar da ita ba. Daga ranar Baffa ya ɗauke mu. Yana da rumfa a bakin titi a Tukur-Tukur inda yake soya kaji, kuma in ana babban biki a cikin birni shi ake kira girki. Da ƙamshin man gyaɗa da yaji muka tashi, da shi muka yi makaranta.

Mutum ne dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa, in ka gan shi daga baya sai ka ce mai dakon buhu ne. Amma da ya ɗaga ƙafa ka san ba dako yake yi ba. Tafiyarsa da rangwaɗa, idonsa ba ya rabo da kwalli, in zai yi girki sai ya ɗaura zani a ƙirji a kan rigarsa. Ba ya gama magana bai tafa hannu ba, kuma ko cokali ne ya faɗi sai ka ji, "Wayyo ni, na shiga uku!" A iya sanina babu macen da ta kai shi guɗa a cikin ganuwar Zariya. In ya toshe hanci ya sake ta, mutanen Kwarbai sun san an kai amarya.

Kowa da sunan da yake kiransa. Kakarmu har ta rasu Auta take ce masa. Inna takan ce Baffan yara. Abokan sana'arsa, waɗanda shi yake kira ƙawayensa, uwar ɗaki suke ce masa. Da ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, mazan unguwa suka ji nauyin ce masa Alhaji, ƙawayen nan kuwa ba su ɓata lokaci ba suka naɗa masa Hajiya. Akwai masu ce masa mata-maza, su ma ba su san abin da suke faɗa ba. Akwai kuma masu tsallake duk wannan su ɗauko mai nauyin, su ce ɗan luwaɗi, kamar da su aka yi. Wata yarinya ta faɗa mini haka a makaranta, na cije ta a kunne, kuma har yau ban ga dalilin ba ta haƙuri ba. Abin da ke tsakanin Baffa da Ubangijinsa ban taɓa leƙawa ba. Abin da na sani shi ne kafin ladan ya gama kiran asuba ya riga ya fita da butarsa.

Na girma, na zama malamar firamare, na sami wanda nake so. Malamin lissafi ne a sakandare, ɗan Kwarbai, daga gidan malamai, irin gidan da ko kazarsu sai ka rantse da alwala take kiwo. Shi ya san Baffa sarai, domin duk zuwan da ya yi zance sai an aiko masa da ƙundu da hanta a zaure, kuma ban taɓa ganin ya mai da kwanon da saura ba. Da magana ta yi ƙarfi, danginsa suka turo gwaggonsa, wata Hajiya mai jiki da murya, ta zo ganin gida da binciken asali kamar yadda aka saba.

Inna ta kwana biyu tana fargaba. Ta so Baffa ya fita kafin baƙuwar ta zo, amma ta rasa bakin da za ta faɗa masa a gidan ubansa. Hajiya ta yi sallama ta shigo, ta tarar da shi a tsakar gida, zani a ƙirji, yana figar kaji. Suka dubi juna.

"Ƙawata!" in ji Hajiya.

"Hajiyata! Wayyo ni, yau wa zan gani!"

Suka tafa har awarwaronta suka yi ƙara. Ashe duk 'ya'yanta mata shi ya yi musu girkin biki. Aka shimfiɗa mata tabarma, suka shiga hirar wadda ta fita da wadda ta koma, da wadda aka kai wa lefe da atamfa ta jabu. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe yarinyan nan taki ne? To ai bincike ya ƙare." Mu Zazzagawa da ma Kanawa suna tsokanarmu wai ba mu raba mace da namiji a magana, amma ranar ko ni sai da na rasa wa ake nufi da wa. Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta kawo mata cinyar kaza da yaji.

Tana cikin ci ta tambayi Inna, "To, wa zai ba da auren?"

Inna ta nuna Baffa da haɓa. "Ga shi nan. Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu."

Hajiya ta tsaya da ƙashi a baki. Ta cire shi a hankali ta ajiye a gefen faranti.

"A'a," ta ce. "Wasa wasa ne. Ƙawata, ke ma kin sani, madafa daban, tabarman ɗaurin aure daban. Yayana zai zo da limamai da manyan malamai. Ku sami wani dattijo a unguwa a wakilta shi, ai addini ya yarda."

Baffa ya yi dariya ya tafa. Ya ce, "Ni da ma ina zan iya zaman tabarma, tukwane na jirana? Ga Saje nan maƙwabcinmu, gemunsa har ƙirji, sai ya zauna." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da figa. Na duba hannunsa, sai na ga kazar da ya gama figewa tun ɗazu ce yake ta tsinka.

Na yi haƙuri har Hajiya ta fita, shi ma don darajar Inna ne. Tana fita na buɗe baki. Na ce mutumin da ya kai ni makaranta, ya kwana a kaina lokacin da na yi ƙyanda, ya koya mini ɗaurin ɗankwali, shi ne za a ɓoye a bayan tukunya ranar aurena? Kowa a garin nan ya ci kazarsa ya lashe yatsa, amma zama kusa da shi ne zai karya musu alwala? Na ce in ba Baffa ne zai ba da ni ba, a mai da musu kayansu, in ci gaba da koyar da a, ba, ca har in yi furfura. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Baffa ya ce, "Ke 'yar nan, rufe mini baki," amma bai ce in janye ba.

Na faɗa wa angon haka a waya, ban rage ko kalma ba. Bawan Allah ya tafi wurin mahaifinsa, tsohon malami mai ƙarancin magana, ya durƙusa ya kwashe labari ya faɗa masa. Daga baya ya ba ni yadda suka yi.

"Ƙanen uban yarinya ne?" in ji Malam.

"Shi ne, Malam."

"Namiji ne?"

Angon ya ce a nan sai da ya ɗan haɗiye yawu, sannan ya ce, "Namiji ne."

"Baligi?"

"Har da furfura."

"Da hankalinsa? Yana salla?"

"Da hankalinsa. Ya je Makka ma."

Malam ya mai da idonsa kan littafin da yake dubawa ya ce, "To me kuke so in ƙara a kan abin da littafi bai ƙara ba?"

Hajiya ba ta ji daɗin wannan hukunci ba, amma ba ta isa ta ja da yayanta ba. Sai ta aiko da sharaɗi. Baffa zai zauna, amma ya zo kamar maza. Ba kwalli, ba rangwaɗa, ba tafi, ba "wayyo ni". In ya kunyata su gaban baƙi, ita ba ruwanta da abin da zai biyo baya.

Nan aikin Saje ya tashi. Saje tsohon soja ne, katangarmu ɗaya da shi. Ya daɗe yana karɓar kawuna da ƙafafun kaji daga hannun Baffa ta kan katanga, amma bai taɓa zama da shi a benci ɗaya ba. Da Inna ta roƙe shi ya koya wa Baffa zaman maza, sai ya ɗauki abin kamar an mai da shi bariki. Kullum bayan la'asar su shiga zaure, ni da ƙanwata mu laɓe a bayan ƙofa.

"Taka ƙasa!" in ji Saje. "Taka ta kamar ta zagi ubanka! Wa ya ce ka juya ƙugu? Hagu, dama!"

Baffa ya taka, ya taka, a taku na uku ƙugun ya koma ga halinsa. Aka bar tafiya aka koma zama. Saje ya ce ya harɗe ƙafa, Baffa ya haɗa gwiwoyi ya karkatar da su gefe guda ya ɗora hannu a kai. Aka koma gaisuwa, ya miƙa wa Saje kan yatsu uku. Saje ya damƙi hannun ya girgiza, Baffa ya ce, "Wayyo ni, zai karya ni!" Saje ya ce to ga laifi biyu a wuri ɗaya.

Babbar wahalar ita ce magana. Kalma biyu kawai ake so ya faɗa in liman ya tambaye shi: na bayar. Baffa sai ya lanƙwasa ta, ya ja ta, ya ƙarasa da ɗan fari da ido.

"Daga ciki za ka ɗauko muryan!" in ji Saje yana bugun cikinsa.

"Wane ciki? Ni tuwo ne a nawa."

Inna ta fito da rigar mahaifinmu daga ƙasan akwati, tana ƙamshin kafur. Baffa ya zura ta, ta zauna masa cif. Sai ya kama hannun rigar ya wurga shi a kafaɗa, ya ɗan rufe baki da gefensa. Saje ya dafe kai.

"Riga ne wannan, ba gyale ba! Kai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Saje, yi aikinka dai," in ji Baffa. "Ni ma tsohon zakara ake kawo mini, in dafa shi har ya yi laushi."

A ƙarshe Saje ya gano cewa hannuwan ne masu laifi, in dai suna sake sai sun tafa. Sai ya damƙa masa carbi a dama, ya ce hagu kuma ta riƙe gefen riga, kada ya saki ko ɗaya ko gobara ta tashi.

Mun yi dariya a kwanakin nan har cikinmu ya ƙulle. Amma wata safiya na fito alwala na gan shi shi kaɗai a tsakar gida, yana tafiya daga rijiya zuwa bakin zaure yana dawowa, ƙafafu a buɗe, yana ta maimaita "na bayar" ƙasa-ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, haushin kowa kuma ya cika ni. Na ce masa in abin zai wahalar da shi haka, ya zo yadda yake, duk wanda bai so ba ya tashi.

Ya harare ni. "Ke ba ki da hankali. Yayana ya bar mini ke. In na je can ya tambaye ni wa ya ba da ke, in ce masa Saje?"

Ana saura kwana kaɗan sai ga wata sabuwa. A unguwarmu akwai tsohon sanƙira, wanda in an shafa Fatiha shi yake miƙewa ya shelanta wa jama'a cewa an ɗaura, ya ambaci ango da amarya da waliyyansu, kowa da laƙabinsa da kirarinsa. Sana'arsa ke nan, sanin abin da za a kira kowa. Ya daɗe yana haɗuwa da Baffa a gidajen biki, kuma can a cikin mata yakan ɗaga murya ya ce, "Hajiyar Tukur-Tukur, mai ludayin da bai san rowa ba!" Baffa ya yi fari ya liƙa masa abin da ya samu. Ranar sai ga shi ya yi sallama, ya tsugunna a bakin tsakar gida, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Baffa na gefe yana yanka albasa.

"Maganan da ya kawo ni," ya ce, "da me zan kira shi? Bakina ya saba da Hajiya. In ya kuɓuce mini gaban malaman Kwarbai, na kashe aure na kashe sana'ata."

Saje, wanda yanzu ya zama ɗan gida, ya ce a ce Alhaji mana, ai ya je ya dawo, ga haƙori shaida. Sanƙira ya girgiza kai. Ya ce shi ya san taronsa, samarin da ke tsayawa a baya da sun ji Alhaji za su fashe da dariya, in kuwa dariya ta fara a wurin ɗaurin aure ba mai iya tsai da ita. Inna ta ce to a ce Malam. Ya ce a gaban waɗanda suka haddace littattafai? Gwaggon ango sai ta suma. Saje ya ce a ce mai kaji. Inna ta ce ba kasuwa aka zo ba. Sanƙira ya yi ƙasa da murya ya ce ko ya tsallake shi ne kawai, ya ce an bayar an karɓa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce in ya tsallake shi, ni da kaina zan fito da lulluɓina in ƙarasa masa shelar.

Sai ƙanwata ta gyara murya. Tana jami'a a lokacin, tana karatun zamantakewa, kuma ta kai matakin da ɗalibi yake ganin duk matsalar duniya rashin karatu ne. Ta ce laifin namu ne, mun zuba komai a tukunya ɗaya mun kira shi daudu. Turawa sun tsince abin sun ware kowa da sunansa. Ta ɗauko waya ta fara karantowa. Wanda yake sa kayan mata kawai, kurosdiresa. Wanda aka haifa namiji amma a ransa yake jin shi mace ne, tiransjenda. Wanda kuma maza yake so, ge. Ba ta rufe baki a kan na ukun ba Inna ta ɗauko muciya, ƙanwata ta koma bayan Saje ta ci gaba da karatu daga can, har ta kai ga wasu da ita ma sai da ta yi tuntuɓe.

"To Baffa," ta ce, "wanne ne kai a ciki?"

Baffa ya ajiye wuƙar da yake yanka albasa. Ya saurara da gaske, ba da wasa ba. Ya ce ta sake karanto masa na biyun, ta sake. Ya kafa wa ƙasa ido, har na fara jin ba daɗi. Can sai ya ɗago.

"Wanne ne a ciki ake rage wa kuɗin man gyaɗa a kasuwa?"

"Babu, Baffa."

"To ajiye musu kayansu."

Sanƙira ya ce a bari ya gwada ko za ta hau baki. Ya sa hannu a kunne ya ja numfashi: "Tiran-siii-janda ya bayaaar!" Ya tsaya ya ɗanɗana, ya ce wannan ai sunan motar Legas ne.

Ba na son a ɗauka ƙanwata raini ta yi. Tana son Baffa kamar ranta, so take ta samo masa sunan da ba a taɓa jifansa da shi ba. Wataƙila kuma akwai waɗanda sunayen nan suka yi musu daidai, Allah ya sa su ji daɗinsu. Baffa ma ya gane nufinta, domin ya jawo ta ya ce, "'Yar nan, ɗan daudun ma ban ƙi shi ba. In ƙawayena suka faɗa daɗi nake ji. In yaran titi suka faɗa, da dutse suke haɗawa. Sunan ɗaya ne." Ya koma kan albasarsa. Sanƙira ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce Allah ya ba shi abin faɗa, ya fita ba a yanke komai ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura. Tun asuba Baffa yake kan tukwane a filin da ke bayan gidanmu tare da ƙawayensa. Da lokaci ya yi ya miƙa wa babbarsu ludayi, ya yi wanka, ya wanke kwallinsa da sabulu har idonsa ya yi ja. Ya fito cikin rigar mahaifinmu da hula, carbi a dama, gefen riga a hagu. Inna ta ɗaga kai ta gan shi, sai ta juya ta shiga ɗaki, domin ba mu taɓa lura da yadda suke kama da yayansa ba sai ranar. Ya wuce mu yana taka ƙasa kamar ta zagi ubansa, Saje na biye da shi.

A ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi. Mu mata muna ciki, ni ina ɗakin Inna, wanda bangonsa ke jikin titi, da 'yar taga can sama. Na tattare lulluɓi na hau kan gado na kafa kunne. Gwaggon ango tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ta harɗe hannu, ita ma kunnenta na waje. Na ji liman ya yi huɗuba, na ji wakilin ango ya nema. Sai liman ya ce, "Waliyyin yarinya, ka bayar?"

"Na bayar."

Muryar ta fito kamar daga cikin rijiya. Matan tsakar gida suka dubi juna suna tambayar wane ne wannan. Daga bayan gida na ji ɗaya daga cikin ƙawayensa ya ce, "Wayyo, sun kashe mana Hajiya!" Liman ya sake tambaya har sau uku kamar yadda ake yi, Baffa bai lanƙwasa ko ɗaya ba. Aka shafa Fatiha. Gwaggon ango ta saki hannunta ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ni kuwa ban sauko ba, don na san da saura.

Sanƙira ya miƙe. Ya kira ango ya yi masa kirari, ya kira ni, ya kira mahaifin ango ya jero masa laƙabai har numfashinsa ya kusa ƙarewa. Sai ya ce, "Wanda ya ba da aure kuwa..." Ya tsaya. Wallahi har ƙarar man da ke soyuwa a bayan gida ina ji. Na ce a raina shi ke nan, kalmar Hajiyar nan ce ta taso masa yake kokawa da ita.

"Uban amarya!" ya ce. "Jama'a, uban amarya ya bayar! Wanda ya ciyar, ya tufatar, ya kai makaranta! Uban amarya!"

Abin da ya biyo baya Saje ne ya ba mu labarinsa, kuma har yau in yana bayarwa sai ya dafe kai. Ya ce yana zaune kusa da Baffa, sai ya ga carbi ya faɗi. Ya ga hannun dama ya tashi ya nufi hanci. Ya kai wawura ya kama hannun riga, amma riga ce mai faɗi, hannun mutumin ya riga ya wuce. Mu dai daga ciki abin da muka ji shi ne guɗa. Ba ƙaramar guɗa ba, irin wadda ake ji a Kwarbai. Ta tashi daga tsakiyar limamai da malamai, ta yi sama, ta karkaɗa, ta ƙi ƙarewa. Saje ya ce goron da ke hannun liman sai da ya faɗi a tabarma.

Da ta ƙare, waje ya yi tsit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ban zaci har haka za a buɗe shi ba. Sai ƙawayensa suka amsa daga bayan gida, sai matan tsakar gida suka ɗauka, har Inna da ban taɓa jin guɗarta ba. Gwaggon ango kaɗai ta toshe bakinta da mayafi tana cewa, "Na faɗa! Ai na faɗa!"

A waje, in ji angon, kowa ya zuba wa mahaifinsa ido. Tsohon ya juya wurin liman ya ce, "An shafa Fatiha ko?" Liman ya ce an shafa. Ya ce, "To, guɗa ba ta warware aure. A raba goro."

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Wasu sun tashi suna gunaguni, an kuma yi wata guda ana maganar a shagunan shayi. Amma na bincika, ba wanda ya tafi ya bar ledar kazarsa. Gwaggon ango ta yi fushi har la'asar, sannan ta aika wurin tukwane a ƙaro mata ƙundu.

Da taron maza ya watse, Baffa ya shigo ɗakin Inna don ya cire riga. Ya same ni a ciki. Ya zauna a bakin gado, ya ɗora hula a gwiwa, bai dube ni ba.

"Na ba ki kunya ko?"

Na ce in ya sake faɗin haka zan cije shi a kunne, ya san na iya.

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Na riƙe, wallahi na riƙe. Tafiya na riƙe, zama na riƙe. Duk sunan da aka kira ni a garin nan na amsa, mai daɗi da marar daɗi, don a zauna lafiya. Amma wannan, ni da ban haifa ba, ban taɓa zaton zan ji shi ba har a kai ni makwancina. Me kike so in yi da shi? In haɗiye?"

Ya cire rigar ya ninke ta da kyau, ya ɗauki zaninsa ya ɗaura a ƙirji. Ya ce shinkafa na can a hannun waɗancan, in bai je ba za su mai da ita kunu. Sai ya hangi kwallin amarya a kan madubi, ya miƙa hannu ya ɗauka. Sau biyu yana kai shi ido yana kasa sawa. Na karɓa.

"Baba," na ce, "ɗago kanka."

Ya ɗago. Sai da na goge na sake sawa, don idon ya ƙi bushewa.